Ruwan Alwalata da Bajimin Bappa

Ba zan taɓa mantawa da tafiyar nan ta Argungu ba, ko da na so in manta (kuma wallahi na gwada), don dangin matata ba za su bari ba. Duk bikin da aka taru sai wani ya tayar da zancen, a yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuma in sunkuyar da kai ina latsa waya kamar ana nemana da gaggawa. To gara in ba da labarin da kaina, kafin ku ji shi wurin waɗanda ke ƙara masa gishiri.

Ni haifaffen Birnin Kebbi ne. Iyayena 'yan kasuwa ne da suka zo daga Kudu tun kafin a haife ni, mahaifiyata tana sayar da robobi da kwanuka a kasuwa, Hausa kuwa a bakina sai an faɗa maka asalina za ka sani. Amma duk girman da na yi a garin, ban san komai ba in an sauka daga kwalta. Daga gida sai shago, daga shago sai makaranta, da na gama kuma sai ofis. Fadama daga nesa nake hango ta in na hau babur, shinkafa kuwa a faranti na san ta.

Sai ga maganar aure. Ina neman Shafa'atu tun muna makaranta, mahaifiyarta ta amince da ni, amma mahaifinta ya rasu, wuƙa da nama suna hannun ƙanensa, Bappa Manu, manomi a wani ƙauye can gefen Gulma. An tura masa manya, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce kawai sai ya ga yaron da idonsa. Ga kuma wani ɗan uwansu mai shagon taki a Argungu, shi ma ya aika yana so. Kun ga ke nan ba a kan shimfiɗa mai laushi nake kwana ba.

Rannan cikin bazara Shafa ta kira ni. Ta ce Bappa ya shigo gari gaisuwa, gobe zai koma, Mama ta ce in na samu hali in kai shi gida da mota. "Don Allah ka natsu," in ji ta. "Daga wannan tafiyar zai yanke hukunci."

Na ari motar yayana, na wanke ta har tayoyi, na sa shaddar da na ajiye don Salla. Mahaifiyata ta dube ni sama da ƙasa, ta ba ni shawara irin ta mai shago: "Ka yaba wa mutane abinsu. Ba wanda ke ƙin a yaba masa. Ka nuna masa kana son ƙasarsu." Na riƙe wannan shawara da hannu biyu (Allah ya saka mata, ba ta san ɗan da ta haifa ba shi da birki ba).

Da hantsi na ɗauki Bappa. Dogo ne siriri, mai ɗan farin gemu, carbi a hannu, maganarsa ba ta wuce a ƙirga. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Lahiya lau, yaro. Mu tahi." Muka kama hanya.

Har muka wuce Ambursa ba abin da nake gani sai busasshiyar ƙasa da ƙaya da awaki suna neman inuwa. Rana tun da safe ta fara nuna hali. Sai hanya ta ɗan hau tudu ta karkata, fadama ta buɗe a hagunmu, na kusa sakin sitiyari. Jama'a, kore ne shar har inda ido ya ƙare! Shinkafar rani ce, wata tana ɗanya, wata ta fara ja da nauyin zangarniya, iska tana bi ta kanta tana kwantar da ita tana tayarwa. Ruwa yana ƙyalli a cikin magudanai. Balbelu farare tas sun bazu a ciki, wasu suna bin masu aiki a baya, giginyu kuma tsaye jefi-jefi da tsayinsu. A bakin hanya itatuwan mangwaro sun yi lodi har rassa na taɓa ƙasa, mata sun jera shi a kwanuka, ƙamshinsa yana shigowa ta taga. A ce duk wannan yana nan kusa da gidanmu tun ina yaro, ni kuwa ina can ina ƙirga robobi!

"Bappa!" na ce. "Kai! Wannan ƙasa taku ba ta da ta biyu! Dubi shinkafa, don Allah dubi shinkafa!"

Bappa ya ja carbi ya ce a hankali, "Tubarkalla."

Na ɗauka yarda ce ya yi da maganata, sai na ƙara wuta. (Bari in tsaya nan in kare kaina kaɗan. Na san kalmar, ba wai ban sani ba. Kowa ya san in ka ga abu mai kyau ana so ka ce tubarkalla, masha Allah, kada kambun baki ya kama abin ya lalace. Amma mu a gari jariri muke yi wa haka ranar suna, ko amarya. Ban taɓa kawowa a raina cewa shinkafa ma tana da wannan haƙƙi a kaina ba.) Na yabi giginya, Bappa ya ce tubarkalla. Na yabi wani ayarin raƙuma da ke ɗauke da buhunan albasa, ya ce tubarkalla da ɗan sauri. Ni kuwa a zuciyata cewa nake, dattijon nan akwai yawan zikiri.

Can gaba ya ce in sauka gefe zai gaisa da amininsa, Malam Bawa, wanda gonarsa ke kusa da hanya. Muka taka kan kunya muka same shi tsaye kusa da injin ban-ruwa sabo fil, ja, yana ta ruri, ruwa na fita daga tiyo da kaurin cinyar mutum. Ruwan sanyi ƙarara, yana bin magudana yana shiga fangulan shinkafa ɗaya bayan ɗaya. Abin ya burge ni ƙwarai. Suna cikin gaisawa na tsoma baki.

"Malam, wannan inji ai jarumi ne! Wannan ko shekara zai yi yana aiki ba zai gaji ba!"

Injin ya yi tari. Ya sake yin tari. Sai ya yi shiru.

Malam Bawa ya dubi inji, ya dube ni, ya dubi Bappa. Ya kama igiya ya ja, ya ja, ya ja har gumi ya jiƙa masa riga. Na ce, da muryar wanda ya yi boko, "Ƙila mai ne ya ƙare." Ya buɗe tanki ya nuna mini, cike yake har baki. Duk da haka mutumin kirki sai da ya tsinko mana kankana biyu, amma na lura a hannun Bappa ya sa su, ni bai ko matso inda nake ba. Muka bar shi yana jan igiya.

Da azahar muka shiga Argungu. Gari ne mai daɗin shiga, inuwar dogon-yaro ta rufe tituna, ƙamshin soyayyen kifi kuma shi ke fara yi maka maraba. Muka yi salla, muka zauna wurin wata mai suya kusa da gulbi. Ruwa ya ja baya saboda rani, yashi fari ya fito a tsakiya, kwalekwale suna kai da kawo, masu wanki sun shanya tufafi kala-kala a kan ciyawa. Kifin kuwa, ban taɓa cin irinsa ba, da yaji da albasa ɗanya. Duk sanda na buɗe baki zan yi magana sai Bappa ya turo mini wani yanki ya ce, "Ci, yaro, ci." Na ji daɗi har cikin raina, na ce lallai dattijo ya fara sona. (Sai daga baya na gane toshe mini baki yake yi.)

Muka haye gada muka bar kwalta, muka kama jar hanya. Ba mu yi nisa ba muka iso wani tabki babba, irin waɗanda gulbi ke bari a fadama in ambaliya ta janye. Ba wanda ya ce in tsaya, ni na taka birki da kaina. Rabin ruwan bado ya rufe shi, furanninsa farare a buɗe, agwagin ruwa suna ratsawa ta tsakani. Sararin sama gaba ɗaya ya sauko ya kwanta a cikin ruwan. Ga masunta sun kifa ciki a kan manyan goruna suna yawo a hankali, kowa da homa a hannu biyu, wato ragar nan mai baki kamar baka, suna nitsa ta suna ɗagawa ba hayaniya. Na fita na tsaya a bakin ruwa, na ma manta da waya a aljihu. Gaskiya ko yau aka ce in zaɓi wuri ɗaya in zauna har yamma, can zan zaɓa.

Sai wani masunci ya miƙe a inda ruwa bai da zurfi, rungume da wani kifi a ƙirji, tsawonsa ya fi hannuna, ɓawonsa yana walƙiya. Ya nufo gaɓa da shi a hankali, fuskarsa cike da murna. Bappa a lokacin yana ƙoƙarin fitowa daga mota, ƙafa ɗaya a waje.

"Allahu akbar, kifi!" na ƙwala. "Malam, yau ka gama sa'a! Wannan ai ya fi ƙarfin tukunya!"

Na ji Bappa daga baya yana sauri, "Tubar..."

Bai ƙarasa ba. Kifin ya yi wani irin juyi, ya maki mutumin da wutsiya a haɓa, ya faɗa ruwa tsulum. Masuncin ya tsaya da hannuwa a buɗe kamar mai jiran a miƙo masa jariri. Ya daɗe yana kallon inda ruwan ke zagaye, sannan ya ɗago.

"Manu, wa na wanga?"

"Baƙona na. Ka yi haƙuri."

"Don Allah tahi da shi."

Na koma mota ina cewa a raina masunta akwai saurin fushi. Muka yi ɗan nisa, sai Bappa ya yi gyaran murya. Ku tuna, ni mai neman 'yarsa ne, akwai kunya tsakaninmu, ba zai iya duban idona ya ce bakinka na da matsala ba. Sai ya zagayo.

"Yaro, zahi ake yi. Ka huta da magana haka nan, kada maƙoshinka shi bushe."

"Ina! Bappa, in ga irin wannan kyau in yi shiru? Ai sai Allah ya tambaye ni."

Bappa ya juya ya kalli taga, carbinsa yana gudu.

Da la'asar muka isa ƙauyen. Rumbuna jere masu hular ciyawa, albasa tsibi-tsibi a ƙarƙashin rumfuna, mata suna turara shinkafa a manyan tukwane, hayaƙi yana tashi a miƙe don ba iska. A ƙofar gidan Bappa akwai wata katuwar tsamiya, dattawa na zaune a inuwarta. Ya nuna mini tabarma ya ce, "Zamna nan in shiga in hito. Kada ka wahal da kanka da kallo." Ya shige.

Na gaida dattawa, na zauna, na yi niyyar kama kaina. To amma a ɗaya gefen tsamiyar akwai bajimi a ɗaure. Fari ne sol, tozonsa ya yi girma har ya kwanta gefe, ƙahoninsa sun buɗe, fatarsa tana sheƙi don kulawa. Ashe shi ne abin alfaharin Bappa, tun yana maraƙi yake kiwonsa da hannunsa, duk ƙauyen an san shi. Na dube shi, na kau da kai. Na sake dubansa. Na ji maganar tana taso mini tun daga ciki, kuma wannan karon ba Bappa a kusa balle ya bi bayana da gyara.

"Kai, jama'a! Wannan sa ko a gidan gwamna sai a tsaya kallonsa! Wannan ai ciwo ma tsoronsa zai ji!"

Bajimin ya daina tuƙa. Ya yi wani dogon numfashi, ya durƙusa da ƙafafun gaba, na baya suka bi, sai ya kwanta ta gefe rim, ya miƙe wuya, kumfa na fita a bakinsa.

Dattawa suka miƙe da salati. Kafin ka ce me, ƙofar gida ta cika. Bappa ya fito da gudu ba hula, ya durƙusa yana shafa wuyan san yana kiran sunansa (e, yana da suna). Ni kuwa ina tsaye a gefe ina kallo.

Sai ga wata tsohuwa ta fito da sanda, 'yar ƙarama, idonta tar. Inno ce, mahaifiyar Bappa, kakar Shafa. Ita ba ruwanta da kunyar suruki, tunda mai neman jikarta abokin wasanta ne. Ashe Bappa ya riga ya ba ta labarin inji da kifi a ciki.

"Kai ne angon nawa?" ta ce. "To sannu da aiki. Inji ka kashe, kihi ka kora, yanzu kuma sa? Mi munka yi maka?"

"Inno, wallahi ni yabo kawai na yi."

"Awo, mun ji yabon. Ku kawo daro da ruwa."

Na ɗauka san za a ba ruwa. Ashe ni ne. Maganin kambun baki, in an san mai shi, shi ne ya yi alwala a tara ruwan a zuba wa abin da ya kama. Aka ajiye daro a tsakiyar fili, aka kawo buta cike da ruwan randa, aka ce bismilla. Na duba hagu na duba dama, ƙauye kaf ya hallara, har masu turara shinkafa sun baro tukwanensu. Na cire agogo, na naɗe hannun shadda, na tsuguna a gaban daro kamar yaron da za a yi wa wanka.

Ban taɓa yin alwala mai tsawo irin wannan ba. Ina wanke fuska ina lissafi. In an zuba ruwan nan sa bai tashi ba, na kashe bajimin Bappa, aure ya tafi. In kuma ya tashi, to ya tabbata a gaban kowa cewa bakina ne, wa zai ba mai irin wannan baki 'yarsa? Na rasa wace addu'a zan yi. Inno kuwa tana tsaye a kaina tana duba aiki. "Kurkure da kyau," in ji ta. "Bakin nan shi na mai laihi. Ƙara."

Na ƙara kurkurewa, na zuba a daro, mutane suna kallo.

Bappa ya ɗauki daron da kansa, ya yi bismilla, ya kwarara wa bajimin tun daga ka har gadon baya. Kowa ya zuba ido. Kunne ɗaya ya motsa. Sai san ya yi atishawa, ya ɗago kai, ya tattara ƙafafu ya miƙe tsaye, ya girgiza jiki har ruwan ya fantsamo mini a shadda. Ya sa baki cikin harawa ya ci gaba da ci kamar ba abin da ya faru.

Wurin ya ɗauki kabbara. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Na ga wata mata ta ja zane ta lulluɓe jaririn da ke bayanta. Wani mutum ya kwance ragonsa a hankali ya zagaya da shi bayan gida, yana waiwayena.

"Ai zafi ne ya buge shi," na ce da ƙaramar murya. "Ruwan sanyin ne ya..."

"Zahin yau anka fara shi?" in ji Inno. Aka fashe da dariya, har da dattawa.

Na lallaɓa wajen mota, na tsaya ina laluben makulli. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don dariyar ba, don Shafa. Tana can tana jiran waya, ni kuma me zan ce mata? In ce na kai Bappa gida lafiya amma na kusa kashe masa sa? Har na fara hango mai shagon taki da babbar riga ranar ɗaurin aure.

Sai aka ce Bappa na kira a zaure. Na shiga na durƙusa nesa da shi, kaina a ƙasa. Ya sa hularsa, ya dawo da natsuwarsa.

"Yaro," ya ce, "na daɗe ina bin hanyar ga da mutane. Ban taɓa ganin wanda ya tsai da mota don kallon bado ba. Kuma an sa ka abin da wani ba ya yi, ka yi ba ka yi hushi ba." Ya ja carbi. "Mun yi shawara da Inno. Ka turo manyanka a sa rana."

Na ɗago ban yarda da kunnena ba. Daga bayan zana muryar Inno ta shigo: "Mai baki irin wanga, wa ka hana mai mata shi kwana lahiya? Gara shi zan namu!"

Hawaye suka cika mini ido, murna ta kama ni har na manta duk abin da ya faru. Na matsa kusa na ce, "Bappa, na gode, na gode! Wallahi ban taɓa ganin dattijo mai lafiya da ƙarfi da..."

Bappa ya ɗaga hannu biyu da sauri har carbi ya faɗi.

"A'a! Tsaya nan, yaro! Kada ka yabe ni, ina da hawan jini."

An ɗaura aure bayan damina. Har yau ban sani ba ko don sun so ni suka ba ni Shafa ko don tsoro, kuma ban tambaya ba, don ba kowace amsa ce mutum ke son ji ba. Abin da na koya dai shi ne, in abu ya burge ka, fara da tubarkalla, in ka ji ba za ta riga sauran maganar fita ba, to rufe bakinka ka yi kallo. Yanzu in Shafa ta yi kwalliya ta tambaye ni yaya na gan ta, tubarkalla nake jerawa sannan in ce, "Ba laifi." Takan yi fushi, amma fushinta na yini ɗaya ne, kuma na fi iya ɗaukarsa da in sake tsugunawa gaban daro a gidan surukai.